Kututturan Duhuwar Gagare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Yau shekara biyar da wata bakwai rabona da gida. Ni ne Barau ɗan Gambo, jikan Gagare, mutumin Duhuwar Gagare da ke tsakanin Yasore da Runka. Ina wannan rubutu a Sabon Shagamu, cikin ɗakin da ke bayan siton goro inda nake gadi. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce ƙoda ce, ya kuma daina kallon idona in yana magana. Jiki ya tafi, amma hankalina yana nan daram. Ba zazzaɓi ke magana ba, ba kuma wanda ya sa ni. Malam Nurain, limamin masallacin layinmu, shi ne shaida, shi zai aiko muku da takardar nan in ta Allah ta kasance.

Zuwa ga ɗiyana uku: Nafi'u, Tayyib da Hadiyya. Ku zauna wuri guda a karanta. Kada wani ya karanta shi kaɗai ya je ya faɗa wa sauran abin da ya ga dama.

Na ɗaya. Kafin in raba muku komai, sai kun san abin da aka ɓata. Ku kun tashi kun tarar da inuwa, kun ɗauka haka Allah Ya yi ko'ina.

Kakana Gagare maharbi ne, bai fara salla ba sai da gemunsa ya yi fari. Duk mai kafa gari da sara yake farawa. Shi ya ƙi. Ya yi bukkarsa a gindin kanya, ya ce wa waɗanda suka biyo shi kowa ya nemi fili tsakanin itatuwa ya gina, in bango ya ci karo da icce, bangon ne zai kauce. Shi ya sa babu miƙaƙƙen lungu ko ɗaya a unguwarmu, shi ya sa zauren gidanmu yake da kusurwa biyar. Mutanen Runka kan ce mu birai ne, mai neman mu ya duba sama. Mu kuma mu ce musu ƙadangaru, masu shanya kai a rana. Amma da bazara ta kankama su ne za ka gani sun jingine babura a gindin maɗacin masallaci, suna neman dalilin daɗewa.

Gagare ne ya kafa ɗaurin kaba. Kowane gida da irin ƙullinsa. In aka kawo amarya unguwar, ranar kwana bakwai tsofaffin mata za su zagaya da ita, su nuna mata icce mai 'ya'ya, ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, ta ɗaura masa igiyar kaba da hannunta. Ya zama nata ke nan. Miji ba shi da iko da shi. Ko aure ya mutu, in ɗorawar ta nuna sai an aika mata ta zo ta kwashe. In ta rasu ya koma ga ɗiyanta mata. Icce mai kaba kuwa, ko ɗansa ne ya faɗo ƙasa yaro ba ya ɗauka. Ba mai gadi, ba kotu, ba takarda. Kowace shekara bayan an kai amfani gida, a sabunta ɗauri. Da wasu gidaje suka musulunta, wasu suka shiga coci, an bar abubuwa da yawa na kakanni, amma kaba ba wanda ya ce a bari. Liman ya ce amana ce, fasto ma ya ce amana ce.

Gidanmu ne masu kaba, wato mu ke riƙe da sanin ƙullin kowane gida, mu ke raba gardama in ta taso. Daga Gagare sai babana Gambo, daga shi sai ni. Da sharaɗi biyu na karɓa: mai icce ne kaɗai ke ɗaure iccensa, sannan a bar wasu babu ɗauri saboda baƙo da makiyayi. Ku riƙe wannan, za ku ji inda na karya shi.

Kun ga ƙarshen zaman, ba ku ga tsakiyarsa ba. Lokacin kalwa unguwar gaba ɗaya warin daddawa take, mata su haɗa tukwane a tsakar gidan wadda ta fi yawan ɗorawa. Da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa, ake daɓen ɗaki, ya yi sheƙi kamar an shafa mai. Amyar zuma ta fi sittin a kan rassa. Fulanin da ke yammacinmu in rani ya tsananta su zo su yi sallama, a nuna musu gawon da za su sassabe wa shanu, su bar mana nono. Layin marke da ke gefen maƙabarta na matattu ne, da ƙulli biyu ake ɗaure shi, ba a taɓa reshensa sai za a rufe kabari. Musulmi ya mutu a saro daga nan, Kirista ya mutu a saro daga nan. A rayuwata ban taɓa jin an sayi iccen kabari a Duhuwa ba, sai bayan abin da zan faɗa.

Na biyu. Ga abin da Armaya'u ya yi. Na rubuta shi ne don kada bayan raina wani ya rage, kada kuma wani ya ƙara.

Armaya'u ba bare ba ne a wurina. Mahaifinsa mahauci ne daga Safana, babana ya ba shi wuri a gindin ɗinya. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muka ci. Da Tayyib ya nemi ɗiyarsa Sumayya, ni na fi kowa murna.

Shekarar da 'yan bindiga suka kwashe shanun unguwa suka kashe mutum huɗu a gona, aka yanke shawarar a tashi a koma Batsari har abin ya lafa. Mata suka fara tafiya da yara. Na duba na ga masu itatuwa duk sun watse, kabar bara ta fara ruɓewa. Sai na yi abin da na ɗauka hikima ce. Na ce zan ɗaure su duka da hannuna, masu mai da marasa mai, don duk wanda ya zo ya san akwai masu wurin. Kwana uku ina yi. Armaya'u ke ɗauke da damin kabar yana bi na, shi ke miƙo mani. Icce ɗari biyu da goma sha biyu na ɗaure. Na bar namu na bayan gida sai ƙarshe, don kada a ce na fara da kaina, kabar kuwa ta ƙare kafin in kai gare su. Marke bakwai ne. Armaya'u ya ce, "Bar su, Barau, gobe in na samo kaba ni zan ɗaure maka. Ina da babur, kullum ina leƙowa. Ka tafi hankalinka kwance."

Na tafi hankalina kwance. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai ɗan Adam ɗin da zai ga kaba a jikin icce ya ɗaga gatari ba. Mu duka haka muke. Shekara ɗari igiya tana tsare mana dukiya, mun manta igiya ce kawai.

A Batsari muna kwana cikin shagon da ba a gama ginawa ba, babu gona babu sana'a, shi ya sa na biyo motar goro zuwa nan don in riƙa aika muku abinci. Ranin farko bai ƙare ba Armaya'u ya kawo masu gawayi daga nesa, mutanen da ba su san ma'anar kaba ba. Ya ce musu jama'a sun sayar, kuma shaidar ita ce duk iccen da suka ga an ɗaure, shi ne wanda aka sallama. Suka shigo da inji uku. Kirya suka fara bi, sannan kaɗanya, sannan ɗorawa, sannan marken matattu. Wata biyu hayaƙi bai yanke ba, akori-kura tana jigilar buhuna. Da labari ya isa Batsari mutane suka taso masa, sai ya ce shi ɗan aike ne. Ya ce Barau ne ya yi cinikin, shi ya sa ya ɗaure su da hannunsa, abin da mai kaba bai taɓa yi ba. Ya ce wanda bai yarda ba ya je ya duba bayan gidan Barau, marke bakwai na nan tsaye babu ɗauri, nasa kaɗai ya tsame, ya kwashi kuɗi ya yi kudu.

Aka je aka duba. Suna nan tsaye.

Wa zai ƙi yarda? Ni ma da wani aka yi wa, da na yarda. Wannan kason nawa ne na laifi, kuma na ɗauka. Na karya sharaɗin Gagare, na ba maƙaryaci abin da zai kafa hujja da shi. Kuskure na yi. Shi kuwa da niyya ya yi, ya zauna ya tsara, har ya san marken da zai bari.

Mahaifiyarku Saude ta ji a bakin rijiya a Batsari ana cewa mijinta har ɗorawar matarsa ya sayar. Ba ta taɓa tambaya ta ko gaskiya ne ba. Abin da kawai ta ce a waya shi ne, "Malam, wadda na ɗaure da hannuna ma sun sare?" Na ce sun sare. Ta ajiye wayar. Ba zan ce wannan ne ya kashe ta ba, ajali na Allah ne, ciwon kuma dama akwai shi. Amma daga ranar ta daina shiga mutane, kuma da iccen saye aka rufe ta, na bakin kasuwa, wanda ba mu san daga gonar wa aka sato shi ba. Na zo ta'aziyya, na ga mutanen da na raba wa gardama shekara ashirin suna miƙo mani kan yatsu wajen gaisuwa. Na je Duhuwa na tsaya a ƙofar masallaci, na hango har hanyar Runka, babu abin da ya tare mani ido. Washegari na hau mota. Ban sake komawa ba.

Mutum ɗaya ce ta ƙi yarda da ƙaryar: Gwaggo Mary, ɗiyar ƙanen kakana, wadda ta ƙi tashi tun farko ta ce 'yan bindiga ba su da abin yi da tsohuwa mai haƙori biyu. Ita ta ga komai. Ranar da inji ya zo kan tsamiyarta, ta shimfiɗa tabarma a gindin ta zauna, ta ce wa mai injin, "Ɗan nan, fara da ni, na fi ta bushewa, zan fi ta gawayi." Suka bar mata. Shekara huɗu tana faɗin gaskiya ana cewa tsufa ne. Sai bara da dillalin da ya sayi gawayin ya saɓa da Armaya'u a kasuwar Safana, ya tona shi a bainar jama'a, ya faɗi komai har da maganar marke bakwai. Yanzu kowa ya sani. Mutum uku sun kira ni sun nemi gafara, na yafe musu. Sauran kunya ta hana su, su ma na yafe. Armaya'u bai kira ba.

Na uku. Wannan naka ne, Nafi'u, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Na ji saƙon muryar da ka turo, sau huɗu na saurara. Ka ce kana da abokai cikin 'yan sa-kai, ka ce kalma ɗaya ta isa, in ka ce musu Armaya'u infoma ne ba zai ga wata kaka ba. Ka ce tunda shi ke shiga da fita Duhuwa lokacin da ba mai iya zuwa, ba wanda zai yi musu.

Ban yarda ba. Ban yafe maka ba in ka yi, duniya da lahira.

Kada ka ɗauka tausayinsa nake ji. Ban yafe wa Armaya'u ba, ba kuma zan yafe ba. Malam Nurain ya zauna da ni sau biyu a kan wannan, ya karanto mani falalar yafiya, na ce Malam na ji, amma Allah Ya ba wanda aka zalunta damar ya riƙe haƙƙinsa, ni na riƙe nawa, can za mu tsaya da shi. Sai dai Armaya'u ɓarawo ne, maci amana, maƙaryaci. Ba infoma ba ne. Na bincika, na tambayi Gwaggo Mary, ta ce in ya ji ƙarar babur daga yamma har cikin rumbunta yake ɓuya. In ka laƙa masa abin da bai yi ba don kawai zai yi kama da gaskiya, me ya raba ka da shi? Haka ya yi mani. Na san ɗanɗanon abin, shekara biyar ina haɗiyarsa, ba zan so a ce jinina ya dafa wa wani ba, ko da shi ne.

Sannan mutuwa ta yi masa sauƙi. Minti nawa ne? A kwantar da shi, jama'a su ce Allah sarki an zalunce shi, laifinsa ya wanke, naka ya fara. Ɗiyan Tayyib su tashi suna nuna ka su ce ga wanda ya sa aka kashe kakanmu. A'a. Ni so nake ya daɗe. Ina roƙon Allah Ya ba shi tsawon rai da ƙarfin ido, ya yi shekara talatin yana fitowa ƙofar gidansa da azahar yana neman inda zai fake.

Na huɗu. Ga abin da za ku yi wa Armaya'u, kada ku rage, kada ku ƙara.

Yanzu da mutane suka fara komawa, na ji ana maganar a tone kututture a yi gona. Namu kada a tone ko ɗaya, ku kuma roƙi sauran gidaje su bar nasu. Kowace shekara bayan an kai amfani gida, ku fita da kaba kamar yadda aka saba, ku ɗaure kututturan. Duk wanda aka zo, a kira sunan mai shi da ƙarfi: wannan ɗorawar Saude ce, wannan kaɗanyar wance ce. Ku fara da na ƙofar gidansa, da hantsi, lokacin da yake zaune. Kada a zage shi, kada ma a ambaci sunansa. Sunayen matan sun isa.

In ya yi muku sallama ku amsa, wajibi ne. Daga nan ku tsaya. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Mutumin da aka saba yi wa gaisuwa mai tsawo a durƙushe, ya san abin da amsa guda take nufi.

In ya zo inuwar da kuke zaune, kada ku kore shi, inuwa ta Allah ce. Ku tashi ku bar masa ita.

In ya yi ciwo ku bar Sumayya ta je ta yi jinya, in babu abinci ku ba ta ta kai, ba da sunana ba. In gidansa ya kama da wuta ku ɗauki bokiti. Mu ba irinsa ba ne.

In wata Juma'a ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya wanke sunana a gaban jama'a, to ku mayar masa da gaisuwa, ku zauna inuwa ɗaya da shi. Wannan ƙofar na bar masa a buɗe. Wadda ke biye kuwa na rufe ta, ko ya tuba.

Na biyar. Marke bakwai na bayan gida nawa ne, gadon babana, ba mai ja da ni a kansu. Su kaɗai ne iccen kabari da ya rage a Duhuwa. Na ba da su sadaka ga maƙabarta. Ku ɗaure su da ƙulli biyu. Duk wanda ya mutu a unguwar, Musulmi ko Kirista, ɗan gari ko baƙon da ajali ya riska a hanya, a sari reshe a rufe shi kyauta. Matan Armaya'u a ba su. Ɗiyansa da jikokinsa a ba su. Armaya'u kaɗai na cire.

Ranar da ya mutu ku je ku yi masa salla, Musulmi ne. Ku ɗauki makara, ku taya haƙa. In aka zo neman icce, kai Nafi'u ka tsaya a gindin marken ka ce Barau ya hana. Ɗiyansa su hau babur su tafi kasuwa su sayo, jama'a na tsaye a rana suna jira, kamar yadda aka jira a kan mahaifiyarku. Shi ya bar marken nan tsaye don su zama shaida a kaina. To su tsaya. Wannan ne ramuwarka, Nafi'u, na ba ka ita a hannu, halal ɗinka ce. Ka yi haƙuri har ranarta ta zo.

Na shida. Kai da Tayyib ku daina wannan gaba. Na ji shekara guda ba ku ci abinci tare ba, don ka ce sai ya saki Sumayya. Me ta sara? Ranar da aka sare itatuwan tana Batsari tana wanke wa mahaifiyarku zane, ita ta riƙe kan Saude har ta cika. Ita ma kaɗanyar da ta ɗaure ranar kwana bakwai ɗinta uban nata bai bar mata ba. Tayyib, ka riƙe matarka. Amma kai ma ka daina kare surukinka a gaban yayanka kana cewa talauci ne ya sa shi. Duk mun yi talaucin. Wanda ya fara zuwa gidan ɗan'uwansa bayan an karanta takardar nan, shi ne ya fi jin maganata.

Na bakwai. Gida da gonaki biyu, ta fadama da ta tudu, a kira malami ya raba yadda Allah Ya ce, ba ni da ta cewa. Roƙona kawai kada a sayar wa wanda ba ɗan unguwa ba. Zauren nan mai kusurwa biyar kada a rushe shi don a miƙe bango, ko da kanyar da ya kauce wa ba ta nan.

Na takwas. Riƙon kaba na ba Hadiyya. Na san ba a taɓa ba mace ba. Amma itatuwan na mata ne tun asali, maza ne suka riƙe har aka kai inda aka kai, kuma ke kaɗai kika zauna kika koyi ƙulli lokacin da yayyenki ke wajen ƙwallo. Kututturen ɗorawar mahaifiyarki naki ne. Ki je wurin Gwaggo Mary tun tana da numfashi, ki sa ta nuna miki ƙullin gidajen da kika manta, ki rubuta a littafi. Za ta zage ki ta ce hannunki kamar na mai daka, ki yi dariya ki ci gaba. Ku ukun ku kula da ita. Ranar da ta rasu, reshen da ya fi kowanne kauri a marken nan nata ne. Kuma Hadiyya, kada ki taɓa ɗaure iccen da ba naki ba, komai kyawun niyya.

Na tara. In na mutu a nan a rufe ni a nan. Kada wanda ya kashe kuɗin mota a kan gawa. Mutanen Sabo suna da kirki, za su yi mani sutura. Da me za su rufe ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku ɗiyan da za su ji maganarku fiye da yadda kuka ji tawa. Allah Ya jiƙan Saude, Ya kai haske kabarinta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Na yafe muku duk abin da kuka yi mani, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mani nisan da na yi. Ku riƙe juna. Ku uku ne kawai, in kuka rabu Armaya'u ya gama aikinsa ke nan ba tare da ya sake ɗauko inji ba.

Na goma, abin da na iya tarawa. Ba na so a taɓa shi don sadakar uku ko ta bakwai, kuma ko sisi kada ya shiga hannun mai bindiga, kowane iri ne. Na waya ne da za a kewaye dashe saboda awaki, da ladan mai ban ruwa rani biyu. Dashen farko na Sumayya ne, ta zaɓa ta ɗaure da hannunta. Sauran Hadiyya ta raba wa matan da aka sare wa nasu, tsofaffi kafin yara, har inda ya kai. Ba zai kai ga kowa ba.

Yana hannun Malam Nurain: naira dubu ɗari biyu da arba'in da shida. Kalwar shuka mudu ɗaya da rabi, na saya wurin matan da ke kawo daddawa daga arewa, na tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon kanya cikin gwangwanin madara biyu. Irin tsamiya rabin mudu, na tsamiyar Gwaggo Mary ne, ita ta aiko. Dashe a ledar ruwa a bayan ɗakina guda hamsin da uku: ɗorawa talatin, tsamiya goma sha huɗu, maɗaci tara. Sittin na shuka, bakwai sun mutu.

Barau Gambo Gagare
Sabo, Shagamu